Ludlow, Tsohon Garin Kasuwa a Ingila: Tambayoyi da Amsoshi

Ina Ludlow yake?

Yana cikin gundumar Shropshire a yammacin Ingila, dab da iyakar Wales. Tsakaninsa da Shrewsbury da ke arewa kilomita 45 ne, Hereford kuma tana kudu da shi da kimanin kilomita 37. An kafa shi a kan tudu, a inda ƙaramin kogin Corve ke zubawa cikin kogin Teme, sai Teme ɗin ya zagaye tudun ta yamma da kudu. Mutanen garin sun ɗan haura dubu 10. Ƙaramin wuri ne, amma gine-ginen da hukuma ta yi wa rajistar kariya a cikinsa sun kusa 500.

Me ake nufi idan aka ce "garin kasuwa"? Ai kowane gari yana da kasuwa.

A Ingila ta da, ba haka kawai mutane ke kafa rumfuna su ce sun buɗe kasuwa ba. Sai da izinin sarki, ko kuma a tabbatar cewa kasuwar ta daɗe tana ci tun kaka da kakanni. Takardar izinin kan faɗi ranar da kasuwa za ta ci a mako, da wanda ke da ikon karɓar haraji. Banda kasuwar mako akwai ta shekara, wadda kan ɗauki kwanaki, fatake na zuwa daga nesa.

Akwai wata ƙa'ida da masana shari'a na ƙarni na 13 suka rubuta: kada a kafa sabuwar kasuwa ƙasa da mil 6 da biyu bisa uku daga wata, wato kusan kilomita 11. Lissafin shi ne, tafiyar yini a ƙafa mil 20 ce. Aka raba yinin uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu. Wanda ya buɗe kasuwa kusa da haka, ana ganin ya shiga haƙƙin maƙwabcinsa, kuma ana iya kai shi ƙara. Shi ya sa idan aka duba taswirar yankin za a ga garuruwan kasuwa a jere da tazara mai kama da juna: Ludlow, Leominster, Tenbury, Bishop's Castle.

Saboda haka garin kasuwa shi ne cibiyar ƙauyukan da ke kewaye da shi. Nan manomi ke kawo tumaki da man shanu da ƙwai, nan yake sayen gishiri da garma da takalmi, nan kuma ake yi masa shari'a idan an kama shi da tauye mudu. A Ludlow, ginin da ake kira Tolsey, a dandalin Bull Ring, shi ne wurin karɓar harajin kasuwa da zaman kotun 'yan kasuwa. Kotun takan yanke hukunci nan take, domin baƙon ɗan kasuwa ba shi da lokacin jiran wata guda.

Wa ya kafa garin?

Normawa, wato mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Sarki William ya raba wa manyan mayaƙansa ƙasashen bakin iyaka don su tare masa mutanen Wales, Walter de Lacy ya samu wannan yanki. Shi da ɗansa Roger ne ake jingina wa fara ginin fadar dutse a kan tudun, a ƙarshen ƙarni na 11. Sunan Ludlow bai fito a babban kundin ƙidayar filaye na 1086 ba. Fada ce ta fara zuwa, gari ya biyo baya a ƙarni na 12.

Tun da wuri wurin ya zama abin rigima. A 1139 Sarki Stephen ya yi wa fadar ƙawanya. Marubutan zamanin sun ce waɗanda ke ciki sun jefo ƙugiya daga saman katanga suka kamo Yarima Henry na Scotland daga kan dokinsa, sarkin da kansa ya ruga ya ƙwato shi.

Ana cewa da gangan aka tsara titunan garin. Ta yaya baƙo zai gane haka da idonsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin wanda ya fahimci tsarin titunan Ludlow ya karanta rabin tarihinsa ba tare da ya buɗe littafi ba.

A fara daga ƙofar fada a fuskanci gabas. Filin da ke gaba, Castle Square, bakin tsohuwar kasuwa ne. Asalinta fili ne guda mai faɗi, ya miƙe bisa doron tudu daga fada har zuwa Bull Ring. Daga gefensa na kudu manyan tituna suka gangara zuwa kogi a jere: Mill Street, Broad Street, Old Street, ga kuma ƙananan lunguna suna ratsa su a kwance. Corve Street ta gangara arewa.

An yanka gefen kowane titi zuwa filaye masu siririn baki da dogon ciki. Dalili a fili yake: bakin titi shi ne mai daraja, don nan ciniki yake, sai aka ba kowa kaɗan, aka bar masa tsawo ta baya don wurin sana'a, rumbu, lambu da garken dabbobi. Ma'aunin da aka yi amfani da shi sanda ce mai ƙafa 16 da rabi, kimanin mita 5. Kuɗin haya da aka saba biya a irin waɗannan filaye sule ɗaya ne a shekara, wato kwabo 12. Wanda ya riƙe fili ya biya sulensa ya zama ɗan gari mai 'yanci, ba a tilasta masa noman gandun ubangidansa kamar talakan ƙauye. Da wannan aka jawo masu sana'a suka zo suka zauna. Har yau idan mutum ya bi Broad Street yana lura da faɗin fuskar gidaje, zai ga ma'aunin yana maimaita kansa, ko da an haɗe filaye biyu ko an raba ɗaya.

Sai abu na biyu. Tsakanin Castle Square da ginin Buttercross akwai wasu matsattsun lunguna a jere, irin su Church Street, Harp Lane, High Street da Market Street. Waɗannan ba sa cikin tsarin farko. Rumfunan kasuwa ne da ake kafawa da safe a kwashe da yamma. A hankali masu su suka daina kwashewa, suka sa rufi, suka ɗora bene, har suka zama gidaje na dindindin a tsakiyar filin. Lungunan su ne hanyoyin da ke tsakanin layukan rumfuna. Alamar gane irin waɗannan gidaje ita ce ba su da tsakar gida ko lambu ta baya: gabansu titi, bayansu titi.

Da me garin ya yi arziki?

Da gashin tumaki. Ulun yankin bakin iyakar Wales yana cikin mafi tsada a Turai a ƙarni na 13 da na 14, ana fitar da shi zuwa masaƙun Flanders da Italiya. Daga baya mutanen Ludlow suka koma saƙa da kansu. Aka datse kogin Teme a wurare da dama da ƙananan madatsu na dutse, ruwan na juya injinan niƙa da na bugun yadi. Bugun yadi shi ne a jiƙa saƙaƙƙen ulu da ruwa da wata irin ƙasa mai tsotse maiƙo, manyan guduman katako su yi ta dukansa har ya cure ya yi kauri, sannan a shanya shi a miƙe bisa firam don kada ya tattare. Madatsun suna nan. Wadda ke kusa da gadar Ludford, mai siffar kofaton doki, ita ta fi fitowa fili.

A lissafin harajin kai na 1377, mutum 1,172 ne suka biya a Ludlow. Wannan bayan annobar 1348 zuwa 1349 ke nan, wadda ta kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku ko fiye na mutanen Ingila. A ma'aunin wancan zamani, babban gari ne. Da cinikin yadi ya ja baya, sana'ar ɗinkin safar hannu ta fata ta riƙe talakawan garin a ƙarni na 18 da farkon na 19.

Me ya haɗa wannan ƙaramin gari da gadon sarautar Ingila?

Aure da gado. A 1301 Roger Mortimer ya auri Joan de Geneville, magajiyar rabin Ludlow, fadar ta shiga hannun gidan Mortimer. Wannan Roger shi ne ya haɗa kai da Sarauniya Isabella suka tuɓe mijinta Edward na Biyu, ya juya ƙasar daga 1327 har aka rataye shi a 1330. Da zuriyar maza ta gidan ta ƙare a 1425, gadon ya faɗa hannun Richard na gidan York, wanda daga baya ya nemi sarautar Ingila. Nan ne Ludlow ta tsinci kanta a tsakiyar yaƙin basasa tsakanin gidan York da gidan Lancaster.

A watan Oktoba na 1459 rundunonin biyu suka fuskanci juna a gadar Ludford, gindin garin. Cikin dare wani ɓangare na mayaƙan York ya sauya sheƙa, shugabanninsu suka tsere kafin gari ya waye, sojojin Lancaster suka shiga suka washe garin. Bayan shekara biyu ɗan Richard, wanda ya yi ƙuruciyarsa a fadar Ludlow, ya ci yaƙi a Mortimer's Cross da ke kusa, ya hau gado da sunan Edward na Huɗu. Bai manta garin ba: a 1461 ya ba shi takardar 'yancin gudanar da harkokinsa, da damar tura wakilai majalisar dokoki.

Yarimomi biyu ne suka sa sunan Ludlow ya zauna a tarihi, dukansu kuma ƙarshensu abin tausayi ne. Na farko ɗan Edward na Huɗu, wanda aka rena a fadar. Yana nan, yana da shekara 12, labarin rasuwar mahaifinsa ya iso a watan Afrilu na 1483. Aka kama hanyar Landan da shi don naɗi, baffansa Richard ya tare su a hanya ya karɓe shi. Aka ajiye shi da ƙanensa a Hasumiyar Landan, daga nan ba a sake ganinsu ba, baffan ya zama Richard na Uku.

Na biyu Yarima Arthur, babban ɗan Henry na Bakwai. Ya auri Catherine ta Aragon, 'yar sarakunan Sifaniya, a watan Nuwamba na 1501, suka tare a Ludlow. Ranar 2 ga Afrilu 1502 ya rasu a fadar yana da shekara 15. An binne gawarsa a babbar majami'ar Worcester, zuciyarsa kuma a cocin Ludlow. Ƙanensa ya gaji matsayinsa, ya auri matar a 1509, shi ne Henry na Takwas. Bayan shekaru, da ya so rabuwa da ita, hujjarsa ita ce ta taɓa zama matar wansa. Fafaroma ya ƙi raba auren, Henry ya ɓalle da cocin Ingila daga ƙarƙashin Roma. Watanni kaɗan da Arthur da Catherine suka yi a ɗakunan fadar Ludlow su ne aka yi ta muhawara a kansu a kotunan Turai.

An ce Ludlow ta taɓa zama kamar babban birnin Wales, alhali tana Ingila. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ta fuskar mulki. A zamanin Edward na Huɗu aka kafa majalisar da ke kula da Wales da gundumomin bakin iyaka, mazauninta kuma fadar Ludlow. A ƙarni na 16 ta zama babbar kotu. Alƙalai, lauyoyi, magatakarda da masu ƙara suka cika garin, kowa na neman masauki da abinci da wurin ɗaure doki. Sir Henry Sidney, wanda ya shugabance ta daga 1560 zuwa 1586, ya yi gine-gine da yawa a fadar, tambarin gidansa yana nan bisa ƙofar shiga farfajiyar ciki. Da dama daga ƙawatattun gidajen katako na garin da kuɗin shari'a aka gina su. An rushe majalisar a 1689.

To me ya mai da fadar kango? Yaƙi ne?

A'a, sakaci ne. A yaƙin basasa na ƙarni na 17 garin ya goyi bayan sarki, ya miƙa wuya ga rundunar majalisar dokoki a 1646, fadar kuwa ba ta yi wata mummunar lalacewa ba. Abin da ya kashe ta shi ne rashin aiki bayan 1689. Aka kwashe kayan ɗaki, aka ɓanɓare darmar rufi. Gini irin wannan da zarar rufi ya tafi, ruwan sama zai shiga kan azara, katako ya ruɓe, bene ya rufta. Sai ruwa ya shiga tsakiyar katanga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, ƙanƙara ta buɗe tsaga. Gidan Earl na Powis ya sayi kangon a 1811, kuma har yau a hannun amintattun gidan yake. Ana biyan kuɗin shiga.

Me ya kamata a duba a cikin fadar?

A ware awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana shiga ta babbar farfajiyar waje, fili ne mai ciyawa inda mutanen gari da dabbobinsu kan fake lokacin yaƙi. Daga nan a haye gada bisa gwalalon da aka sassaƙa cikin dutse, a shiga farfajiyar ciki.

Babbar hasumiya da ke hagu ita ce ƙofar shiga ta asali. Daga baya aka toshe bakinta aka mai da ita wurin tsaro, aka huda sabuwar ƙofa a gefenta. Idan aka duba fuskarta daga farfajiyar waje ana ganin sawun bakan da aka toshe. Ana hawa samanta, amma matakalar matsattsiya ce mai murɗewa, duwatsun sun side, suna santsi idan an yi ruwa.

Abin da ba a cika samun irinsa ba shi ne ƙaramar majami'a mai da'ira a tsakiyar farfajiya, ginin ƙarni na 12, an kwaikwayi siffar majami'ar da ke kan kabarin da Kirista ke girmamawa a birnin Ƙudus. Bakan ƙofarta yana da zane mai kama da haƙoran zarto, sassaƙar Normawa ke nan. Irin waɗannan majami'u masu da'ira 'yan kaɗan ne suka rage a Ingila. A gefen arewa kuma ga babban zaure da ɗakunan kwana, ginin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14. Ba rufi, ba bene, amma ramukan azara da murhunan da ke rataye a jikin bango suna nuna inda kowane hawa yake.

Kyan fadar daga waje ya fi fitowa idan aka gangara gadar Dinham, ginin 1823, aka hau tudun Whitcliffe da ke tsallaken kogi. Daga can ne ake gane dalilin zaɓen wurin: gangaren dutse mai tsayin kusan mita 30 ga kogi a ƙasa.

Wanda ba Kirista ba zai iya shiga cocin St Laurence?

Zai iya, a buɗe take ga kowa da rana in ba lokacin ibada ba. Ana son a yi magana ƙasa-ƙasa, maza su cire hula irin ta hana-salla, a saka ɗan abin taimako a akwati idan da hali.

Girmanta ya fi ƙarfin garin, kuɗin ulu ne ya jawo haka. An sake gina mafi yawanta a ƙarni na 15. Hasumiyarta mita 41 ce, matakala wajen 200, ana barin hawa a wasu lokuta. A sashen mawaƙa akwai kujerun katako 28 masu naɗewa. A da, limamai kan daɗe a tsaye wurin addu'a, sai aka yi wa ƙasan kowace kujera ɗan tudu da mutum zai jingina a kai yana kamar a tsaye. A ƙarƙashin tudun masassaƙa suka zana rayuwar yau da kullum: mujiya, dila sanye da rigar limami yana wa'azi ga kaji, da wata mai sayar da giya mai tauye mudu da aljanu suka saɓa za su jefa wuta. Wannan ta ƙarshe ta nuna yadda garin kasuwa ya ɗauki ha'incin awo.

Tagogin gilashi masu launi ma abin tsayawa ne, musamman wadda ke ba da labarin ƙungiyar Palmers. Ƙungiya ce ta addini da taimakon juna da ta fara a ƙarni na 13, ta tara mambobi daga sassan Ingila da Wales, ta riƙe makaranta da gidan gajiyayyu har aka rushe ta a 1551. Gidan gajiyayyun da attajiri John Hosier ya kafa a 1486 yana nan daura da cocin, an sake gina shi a 1758, kuma har yanzu tsofaffi ke zaune a ciki.

Garin yana da ganuwa?

Yana da ita. An ba da izinin karɓar harajin gina ta a 1233, aikin ya kai farkon ƙarni na 14. Tsawonta wajen mil ɗaya, ƙofofi bakwai. Aikinta bai bambanta da na ganuwar Kano ba: tsaro, da kuma tilasta wa mai kaya ya shigo ta inda za a karɓi haraji. Ƙofa ɗaya ce ta rage, Broad Gate, a gindin Broad Street. Hasumiyoyinta biyu na ƙarni na 13 ne, an ɗora gida a kansu daga baya. Mota ɗaya ce ke iya wucewa a lokaci guda, mai tafiya a ƙafa ya lura.

Sauran ganuwar ta ɓuya a bayan gidaje da lambuna. A watan Fabrairu na 2013 wani sashe a bayan maƙabartar cocin ya rufta. Matsalar irin wannan katanga ita ce ƙasa ta taru a bayanta tsawon ƙarnuka, ta koma tana tare nauyin da ba don shi aka gina ta ba, ruwa kuma ba ya samun mafita.

Gidajen nan masu baƙi da fari, yaya aka gina su, kuma me ke lalata su?

Ƙashin ginin itacen oak ne, ana aiki da shi yana ɗanye don ya fi sauƙin sassaƙa. Kafinta kan haɗa firam ɗin a filin aikinsa, ya sa wa kowane katako lamba, a kwance a kawo wurin gini a sake haɗawa. Ba ƙusa, sai huda da harshe da turakun katako. Yayin da itacen ke bushewa yana murɗewa yana ƙara damƙe mahaɗin, shi ya sa gidajen suka karkace amma ba su faɗi ba. Tsakanin katako da katako ana saƙa tsumagu, a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da gashin dabba da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa. Hawa na sama kan turo kai ya wuce na ƙasa: ana samun ƙarin ɗaki ba tare da cin titi ba, bangon ƙasa kuma ya tsira daga ruwa. Baƙin fenti mai sheƙi yawanci yayin ƙarni na 19 ne. A da, itacen kan zauna da launin toka ko a shafe shi da farar ƙasa gaba ɗaya.

Mafi shahara shi ne otal ɗin Feathers a Bull Ring, wanda lauya Rees Jones ya gina a 1619 a matsayin gidan zama. Babu tafin hannu guda a fuskarsa da ba a yi wa ado ba.

Babban makashin waɗannan gidaje danshi ne, kuma sau da yawa gyara ne ke kawo shi. Laka da farar ƙasa suna shan ruwa su sake shi. Siminti da fentin roba ba sa yin haka. Idan aka yaɓe da siminti, katako na motsi siminti ba ya motsi, sai tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga ya rasa mafita, katakon gindi ya ruɓe, ƙwaro mai cin itace ya samu gida. Toshewar indararo da ɗaga ƙasan titi sama da gindin bango ma suna jawo haka. Maganin shi ne a cire simintin, a yanke ruɓaɓɓen wuri kaɗai a dasa sabon oak, a mayar da yaɓen farar ƙasa.

Wani abin lura: da yawa daga gidajen jan bulo na Broad Street da Mill Street fuska ce kawai. A ƙarni na 18, da masu gonaki da kuɗi suka mai da Ludlow wurin hutawa da taron raye-raye, gidan katako ya zama tsohon yayi, sai aka lulluɓe gabansa da bulo. A leƙa ta lungun gefe, sau da yawa tsohon katakon yana nan.

Mai irin wannan gida yana iya gyara shi yadda ya ga dama?

Ba ya iya. Ginin da ke cikin rajistar kariya, ko taga za a sauya ko a fasa bangon ciki, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Yin aiki ba izini laifi ne a doka, ana iya cin tara a kuma tilasta mayar da ginin yadda yake. Rajistar hawa uku ce, fadar da cocin da Feathers suna hawa na farko.

Amma doka ta zo ne daga baya. Abin da ya fara tsare Ludlow shi ne masana'antu ba su zo ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1852, duk da haka garin bai bunƙasa kamar Birmingham ba, ba a samu dalilin rushe tsofaffin unguwanni ba.

Kasuwar tana ci har yanzu?

Tana ci a Castle Square ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Alhamis ta biyu da ta huɗu a wata ta manoman yankin ce, masu kawo abin da suka noma ko suka sarrafa da kansu: cuku, zuma, tuffa, burodi, nama. A je da safe, don da la'asar masu rumfuna sun fara tattarawa. Kasuwar dabbobi ta koma bayan gari. Ginin Buttercross, inda matan ƙauye kan sayar da man shanu a inuwa, an gama shi a 1746, samansa yanzu ƙaramin gidan tarihi ne. Tun 1995 ake bikin abinci a garin kowane watan Satumba, a lokacin masauki kan yi wuya sai an kama tun da wuri.

Me ya sa masana duwatsu ke yawan ambaton Ludlow?

Roderick Murchison ya yi nazarin duwatsun yankin a shekarun 1830. Daga aikinsa aka sa wa wani zango na tarihin ƙasa, kimanin shekara miliyan 425 da suka wuce, sunan Ludlow, kuma da shi ake amfani a duniya baki ɗaya. Kusa da gadar Ludford akwai siririn shimfiɗin dutse cike da ɓurɓushin ƙaya da ɓawon kifayen farko. Wurin yana ƙarƙashin kariya, an hana fasa dutse a ɗauka.

Yaya ake zuwa, kuma yaushe ya fi?

Jirgin ƙasa da ke tsakanin Cardiff da Manchester yana tsayawa a Ludlow. Daga Landan tafiyar wajen awa uku ce, da sauya jirgi a hanya. Daga tasha zuwa kasuwa minti goma ne a ƙafa, hawa ne ta Corve Street. Mai mota zai bi hanyar A49, gara kuma ya ajiye motar a filin ajiya ya taka, don titunan tsakiyar gari matsattsu ne.

Daga Mayu zuwa Satumba ya fi daɗi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, fadar ma kan rage lokutan buɗewa. A tafi da rigar ruwa a kowane wata, da takalmi mai kama ƙasa. Bayan ruwa mai yawa hanyoyin bakin kogi kan cika. A ambaliyar 2007 har gada guda ta karye a kan kogin Corve.

Musulmi zai samu abin ci ba damuwa?

Zai samu, amma sai ya tambaya. Garin ya yi suna wajen tsiren nama da ake ɗurawa a hanji, kuma yawancinsa naman alade ne, haka ma da dama daga burodin da ake cusa wa nama. Abin shan tuffa da ake kira cider giya ne, ya bambanta da ruwan tuffa zalla. Kifi, cuku, burodi, ƙwai da kayan lambu suna ko'ina.

Akwai wani wuri kusa da ya cancanci ƙarin yini?

Stokesay, kilomita 11 arewa, kusa da Craven Arms. Gida ne mai katanga da Laurence na Ludlow, babban dillalin ulu na zamaninsa, ya gina a ƙarshen ƙarni na 13. Ya samu izinin sarki na yi masa katangar tsaro a 1291, ya nutse a teku a 1294 yana rakiyar jiragen ulu zuwa Turai. Abin da fadar Ludlow ta rasa, Stokesay tana da shi: babban zaurenta yana nan da rufinsa da matakalarsa ta katako tun na asali. Hukumar English Heritage ke kula da wurin. Daga tashar jirgin Craven Arms tafiyar kusan minti ashirin ce a ƙafa, kuma a duba ranakun buɗewa kafin a tashi, don a hunturu ba kullum ake buɗewa ba.